Talabijin a ɗakin marasa lafiya: yaya za a yi ya ilimantar ba tare da ya dame su ba?

Sista Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Wani ƙaramin asibiti ne a nan Jos, ɗakin masu haihuwa gado 12, ɗakin maza gado 10. An ba da gudummawar talabijin huɗu masu inci 32, ana so a riƙa koya wa marasa lafiya da masu jinyarsu abin da za su yi bayan sallama. Intanet ba shi da tabbas, wuta ma haka. Me za a haɗa, kuma me ya kamata a riƙa nunawa?

Injiniya Bukuru:
Wa alaikumus salam, Sista. Ki manta da intanet. Kowane talabijin a soka masa filash mai giga 16, a zuba bidiyo a tsarin MP4, a kunna maimaitawa. Talabijin da yawa filash mai tsarin ajiyar fayil na FAT32 kawai suke karantawa, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. In filash ya ƙi buɗewa, nan za ki fara dubawa. Kada a ja wayar HDMI daga ofishin nas zuwa ƙarshen ɗaki, in ta wuce mita 10 zuwa 15 hoto yakan fara yankewa.

A kafa talabijin a bango kamar mita 2 daga ƙasa, a ɗan sunkuyar da shi, domin mai kallon a kwance yake. Kada ya fuskanci taga. Inci 32 bai wuce gado biyar ko shida ba, na nesa ba zai ga rubutu ba.

Batun wuta: kowanne yana cin wat 40 zuwa 50, huɗun kusan 200 ke nan. Batir mai bolt 12, 200Ah, in ana tsayawa a rabinsa don ya yi ƙarko, zai riƙe su wajen awa biyar ta inbata. A sa abin kare su daga hawan wuta, a kuma zare soket in hadari ya haɗu. Kin san tsawar Jos da damina.

Hajiya Ungozoma:
'Yata, Injiniya ya gama da ƙarfe, saura abin da za a zuba a ciki, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Bidiyo ɗaya, magana ɗaya, minti uku zuwa biyar. Matar da aka yi wa tiyata jiya ba za ta bi lacca ta rabin awa ba. Kuma a nuna da hannu, kada a cika allo da rubutu, don ba kowa ke karanta boko ba.

A ɗakin masu haihuwa ki fara da waɗannan. Yadda ake kama jariri a nono har bakinsa ya rufe yawancin baƙin kan nonon, da nono zalla wata 6, ko ruwa babu. Sai cibiya: a shafa jel ɗin kulohezidin, mai kashe ƙwayoyin cuta, kada ya kusanci ido, ba gashi da tsumma, ba man goge baki. Sai rigakafi: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9. Sai gudawa: ƙunshi ɗaya na ORS mai haɗin lita ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24, tare da zinki kwana 10 zuwa 14. Sai alamomin da ake dawowa asibiti a guje: zubar jini mai yawa, ciwon kai da gani dishi-dishi, jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi. Sanyin nan a jaddada shi, hunturun Jos ba abin wasa ba ne ga ɗan kwana biyu.

Wani abu kuma: kakar jariri ce ke yanke hukunci a gida, ba mai jegon ba. Don haka a kunna lokacin da masu jinya ke ciki, kuma in za a taɓo kunun kanwa ko gashin cibiya, a yi shi da ladabi. Da ta ji ana zagin al'adarta, ta toshe kunne ke nan. Hausa za ta isa ga mafi yawa, amma a yi wani da Turancin buroka, in da hali har da Birom.

Likitan Gangare:
Ban yarda da kunna maimaitawa yini guda ba, Injiniya. Kwana biyu kunne zai saba, ya zama kamar ƙarar janareto, mai ciwon kai kuma ya shiga uku. A yi sau uku: bayan zagayen likitoci, lokacin ziyara da la'asar, sai bayan magariba. Ƙarfe tara a kashe.

A ɗakin maza cututtuka sun bambanta, sai a zaɓi abin da ya shafi kowa: wanke hannu, shan maganin hawan jini ko da mutum ya ji garau, juya wanda ba ya iya motsi duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Bidiyon allurar insulin kuwa a kai wa mai ciwon sukari a waya ko ƙaramin allo har gadonsa. Abin da ya shafi ƙanjamau ko al'aura ba na bango ba ne.

Bayan kowane bidiyo nas ta tambayi mutum biyu ko uku: "Baba, in ka koma gida yaya za ka yi?" In ya ce "na gane" kawai, bai isa ba, sai ya faɗa da bakinsa ko ya gwada. Duk bidiyo likita da mai haɗa magani su duba shi, a sa masa kwanan wata. Kada a ɗauki fuskar mara lafiya sai da izininsa a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrinsa.

Injiniya Bukuru:
Na karɓi gyara, Likita. To a ajiye rimot a wurin nas, a saka shi cikin leda, ana gogewa da sifirit. Allon kuma a kashe shi tukuna, a goge da ƙyalle mai ɗan damshi, kada a fesa masa komai kai tsaye. A cire wayar eriya gaba ɗaya, in ba haka ba ranar Asabar ƙwallo za ki tarar.