Wane wasa ne matan Ailan ke yi da sanda mai kama da muciya?

Malamar_Wasanni (Tawa):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke koyar da wasannin motsa jiki a wani koleji nan Tawa. Jiya wata ɗalibata ta gwada mini bidiyo a wayarta: mata cike da fili, kowace da hular kwano da sanda mai faɗin baki, suna bin ƴar ƙwallo a guje. Tun jiya abin ya ƙi fita raina. Wa ya san sunansa da dokokinsa? Ina son in gwada shi da ƴan matana.

Baban_Safiya (Yamai):
Wa alaikumus salam Malama. Camogie ke nan, na maza kuma hurling. Na kalle shi ido da ido lokacin da nake karatu a birnin Cork na ƙasar Ailan. Mata 15 ne kowane ɓangare, minti 30 kafin hutu, 30 bayansa. In ƙwallo ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen turakun nan biyu, maki 1. Tun 1904 suka fara shi, gasar ƙasa kuma a 1932, ana kammala ta a filin Croke Park na Dublin. Abin da ya fi taɓa ni, ba sana'arsu ba ce. Malama ce, ɗaliba ce, ma'aikaciyar asibiti ce, kowace don sunan yankinsu take zuba gumi, kamar yadda jinin Adarawa ke tashi in ɗansu ya shiga fili neman takobin kokowa.

Inna_Maimuna:
Ɗiyata, ki yi hattara da haƙoran ƴaƴan mutane. Ƙwallon nan tauri gare ta. Ba hula, ba wasa. Sannan ki fara shawo kan iyaye game da sutura.

Baban_Safiya:
Gaskiyarki Inna. Su ma can sun yi rigimar sutura. Sai a watan Mayun 2025 aka bar su su zaɓi gajeren wando maimakon siket ɗin da aka wajabta musu. Namu su sa dogon wando da ɗankwali.

Malamar_Wasanni:
Na gode ƙwarai. Zan fara da ƙwallo mai laushi, bakwai-bakwai, da safe kafin rana ta yi zafi. Gobe zan je wajen mai aikin katako. Baban Safiya, don Allah tsawon sandar nawa ne?