Abin da aka tattaro kan kula da tsohuwar MGB

Ga taƙaitaccen abin da masu MGB suka faɗa, motar da aka ƙera a Abingdon, Ingila, daga 1962 zuwa 1980.

1. Tsatsa ce babbar matsala, babu wanda ya musa. Kafin a biya kuɗi, a durƙusa a duba ƙarfen ƙarƙashin ƙofa da kewayen tayoyin baya. Wasu sun ce a tafi da maganaɗisu: duk inda bai kama ba, ciko ne aka shafe da fenti.

2. Inshora: a daidaita kan darajar motar a rubuce tun farko, da hotuna. Taƙaita tafiyar shekara na rage kuɗin.

3. Nan ra'ayi ya rabu. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ba dole ta je gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT) ba. Wasu sun ce an huta. Mafi yawa sun ce a kai ta duk da haka, ko don birki. Ni ma ina tare da su.

4. Fetur E10 (mai haɗe da sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari), da ya zo Birtaniya a 2021, yana cin tsofaffin robobin bututun mai. A sayi E5, mai ƙarancin ethanol.

5. Kada a kulle ta a gareji wata da watanni: batir ya mutu, birki ya cije.