A ina ake samun hotunan koyon gyaran hoto, kuma yaya ake jera su?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina koyon gyaran hoto da Snapseed a waya da GIMP a kwamfuta. Hotunan da nake gwaji da su daga WhatsApp da Facebook nake ɗaukowa, amma da na ɗan ƙara haske sai hoton ya farfashe, sama ta yi layi-layi. A ina zan samu masu kyau? Sannan yaya zan jera su, don yanzu komai a cakuɗe yake.

Mai Kyamara Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin ba na hannunka ba ne, na hoton ne. WhatsApp matse hoto yake yi kafin ya tura, ya rage masa girma, ya zubar da bayanan launi da yawa. Duk wanda zai turo maka hoto, ka ce ya turo shi a matsayin Document, a nan ba a taɓa shi.

Ko da hakan, JPEG bit 8 ne, wato matakan haske 256 a kowane launi. RAW kuwa, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi kafin a sarrafa, bit 12 ne ko 14, matakai 4,096 ko 16,384. Wannan tazarar ce ta sa za ka ɗaga inuwa a RAW ta fito sumul, a JPEG kuma ta fito da layin nan da kake gani. Shafin raw.pixls.us yana da RAW na kyamarori iri-iri kyauta: CR2 da CR3 na Canon, NEF na Nikon, ARW na Sony. Sai dai GIMP ba ya buɗe RAW shi kaɗai, sai ka haɗa masa manhajar darktable ko RawTherapee, su ma kyauta ne. Ka kula da data, don RAW ɗaya na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai MB 25 zuwa 30.

Shafukan hotuna na Unsplash da Pexels da Pixabay suna da amfani wajen koyon cire bayan hoto ko haɗa hotuna biyu. Wajen gyaran launi kam ba za su koya maka komai ba, domin yawancinsu an riga an gyara su.

Hajiyar Studiyo:
Malam ya yi bayani, amma ni a ganina hoton da zai koya maka aiki a nan Zariya kai za ka ɗauke shi. Fatar Bature a cikin dusar ƙanƙara ba ita kwastoma zai kawo maka ba. Duba kyamarar wayarka, in tana da Pro ka kunna RAW, za ta ba ka DNG, wato irin RAW ɗin da waya ke adanawa, kuma Snapseed yana buɗe shi.

Ka nemi hoto mai matsala da gangan. Mutum baƙi sanye da farar babbar riga da tsakar rana: in ka gyara fuska riga ta ƙone, in ka gyara riga fuska ta nutse, sai ka koyi gyara kowanne daban. Dutsen Kufena a lokacin hazo, don koyon dawo da kaifi ba tare da sama ta yi datti ba. Zanen ƙofar fadar Sarkin Zazzau, inda launuka ke saurin wuce gona da iri. Mai shayi da daddare a ƙarƙashin ƙwan fitila, don hatsi-hatsin duhu da launin ruwan ɗorawa da ke hawa fata.

Da haka kuma za ka jera su. Folda uku a sama: Asali, Aiki, Kammalallu. Cikin Asali ka raba bisa matsala, ba bisa kyau ba: duhu, ƙonewar haske, fata, hazo, cire baya. Hoto goma zuwa ashirin a kowace sun ishe ka. Asali ba a gyara a kansa, kwafi ake ɗauka, saboda duk lokacin da ka sake adana JPEG sai ya ƙara lalacewa. A Aiki ka adana da XCF, wato tsarin fayil na GIMP, don leyoyinka (layers) su tsira.

Hotunan biki da na matan mutane kuma, ko an yarda ka yi gwaji da su, kada ka ɗora su a intanet sai da izini.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai, Hajiya. To sunayen fa? Sau da yawa kwamfuta na cewa akwai wani fayil mai wannan sunan.

Injiniya Sabon Gari:
Kyamara kamar Canon tana ƙirgawa ne daga IMG_0001 zuwa 9999 ta sake komawa farko, shi ya sa suke karo, kuma in ka danna a maye gurbi tsohon ya tafi. Ka sake musu suna da shekara, wata, rana: 2024-12-18_kufena_hazo_01. Haka za su jeru da kansu. Kada ka sa ƙ, ɗ, ɓ a sunan fayil, wasu manhajojin suna rikicewa a kansu.

darktable yana ajiye gyaranka a ɗan ƙaramin fayil XMP kusa da hoton. In za ka matsar da hoto ka tafi da su tare, in ba haka ba aikin ya ɓace. Hotunan da ka sauke daga shafin Wikimedia Commons kuwa, yawanci lasisinsu yana buƙatar ambaton mai hoton, don haka ka rubuta sunansa da lasisin a wani fayil cikin foldar tun ranar da ka sauke.

Kada filash ya zama ma'ajiyarka kaɗai. Akwai na jabu da ke nuna GB 64 alhali ba su kai ba, sai sun cika hotuna su fara lalacewa. Gwada sabon filash da manhajar H2testw kafin ka zuba masa komai. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, zaɓaɓɓu kuma a Google Drive. GB 15 ne kyauta, amma da Gmail ɗinka suke rabawa, don haka RAW ba zai daɗe bai cinye shi ba.