Zaki a Keji: Musayar Baitoci

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum sha'irai. Ga baitoci kan namun dajin da ake tsarewa don kallo. Mai amsawa ya riƙe ƙafiyar "ji".

Da sunan Allah da Ya halicci zaki,
Ya ba shi sarauta, Ya ba shi daji.

Na gan shi a ɗaki mai taku goma,
Ƙasa siminti, sama ƙarfen keji.

Ya kai bango ya juyo, ya sake komawa,
Tun hantsi har la'asar, ba ya ko gunji.

Gezarsa ta zube, ƙuda na cin kunne,
Yara na jifansa da tsakuwa don ya ji.

Wane laifi ya yi? Wane alƙali
Ya yanke masa rai-da-rai, ba agaji?

Baban Hanifa:
Wa alaikis salam. Allah ya ƙara basira, amma ban bi ki duka ba.

Ƙanwata, baitinki ya taɓa zuciya,
Amma tsaya, ga ɗaya gefen ki ji.

Audu Bako da ya kafa gidan zu a Kano,
Makaranta ya bar wa birni, ba gwaji.

Ran Sallah ki bi titin ki ga yara,
Da sabon ɗinki, sun jeru kamar soji.

Ɗan mai faci da ɗiyar mai ƙosai,
Wa zai kai su Yankari? Sai ɗan Alhaji.

Yaron da bai taɓa ganin jimina ba,
Duk dabbarsa akuya ce da kaji.

In ya girma aka ce ya kare giwa,
Ido bai gani ba, yaya zuciya za ta ji?

Malam Na-Tsangaya:
Ku bari in sa baki da abin da muka karanta a gaban malamanmu.

Hadisi ya zo kan mace da kyanwa,
Bukhari da Muslim sun kawo, ku ji.

Ta kulle ta ba ci ba sha har ta mutu,
Wuta ta shiga, ba ceto, ba agaji.

Amma Abu Umairu, ƙanin Anas,
Ya riƙe ɗan tsuntsu, Manzo ya gani ya ji.

Bai hana ba, daga nan malamai suka ce
Riƙo ya halatta in da ci da sha a keji.

To ni nan ne tunanina ya tsaya:
Ɗan tsuntsu daban, daban manyan daji.

Wanda zagayensa tafiyar kwanaki ce,
Nama kaɗai bai biya masa ba, ina ji.

Suratul An'am, aya ta 38,
Ta ce al'ummu ne irinmu, a bar raji.

Ɗan Dakoro:
Daga Nijar nake gaishe ku. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na yawo cikin gonaki ba shinge. A 1996 saura 49 kacal suka rage, daga baya suka haura 600. A 2018 aka kawo mana 8 nan gandun dajin Gadabeji.

Ba ƙarfe ne ya cece su daga ƙarewa ba,
Hana farauta ne da masu gadin daji.

Ka tsaya nesa, ɗan rakiya a gefenka,
Uwa na tsinkar gawo, tsit kake ji.

Ba na ɓoye muku, manomi na kuka,
Ta shiga wakensa ta karɓi haraji.

Baban Hanifa, kuɗin ƙarfe da siminti,
A zuba mai a mota, a kai yara daji.

Baba Tsohon Mai Gadi:
'Ya'yana, ni na yi aikin nan da hannuna, a wani gida da ba zan ambaci sunansa ba.

Na kwashe kashin kura, na wanke kwami,
Na san warin ɗakin biri da na maciji.

Wata ya mutu, kuɗin nama bai fito ba,
Zaki ya wuni kan kai da ƙafar kaji.

In na nufo shi da bokiti ya miƙe,
Ya leƙa ciki, ya kalle ni, kunya nake ji.

Albashina shiru, abincinsa shiru,
Takarda na ofis tana jiran sa hannun Alhaji.

Masu cewa a buɗe ƙofa a sake shi,
A ɗaki aka haife shi, bai san daji.

Bai taɓa kama ko gada da kansa ba,
Yunwa ce gabansa, ko harsashin soji.

Ku tuna na Jos, Disambar 2015: ya fice daga kejinsa, aka harbe shi. Na Kano da ya kuɓuce a Oktoban 2019 an mayar da shi da ransa, alhamdu lillahi. Hotunan zakunan Khartoum na Janairun 2020 kuwa, fata manne da ƙashi, ban iya gama kallonsu ba.

'Yar Gwammaja:
Allah ya saka da alheri, Baba.

Baba, na karɓa, ban ce a kore su ba,
Waɗanda ke ciki, a faɗaɗa musu keji.

A sa ciyawa da inuwa a cire siminti,
Likita ya zauna, ba sai ciwo ya yi yaji.

Kuɗin ƙofa da ake tarawa ran Sallah,
A fara da nama, a faɗi lissafi mu ji.

Wanda ya mutu kar a nemo madadinsa,
Kar a raba jariri da uwa a daji.

Gidan da ya kasa, ya miƙa wa mai iyawa,
Amana ce, ba kayan adon magaji.

Baban Hanifa, in ka kai su Hanifa bana,
Ka duba haƙarƙarin zakin, ka zo mu ji.

Baban Hanifa:
Na ɗauka, ƙanwata. Zan duba haƙarƙarin, zan leƙa kwamin ruwa, zan kuma tambayi mai ba shi abinci sau nawa nama ke zuwa a mako. Malam, a shirya mana baitoci kan masu wasa da kura a kasuwa, don takunkumin nan da sarƙa ma suna buƙatar fatawa.