Waɗanda suka haɗa bot ɗin Telegram da mataimakin AI, yaya kuka tsare ƙofarsa?

Mai shadda, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Yaron shagona ya ce zai haɗa mini bot, wato asusun da ke amsa saƙo da kansa, a Telegram da mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, ya riƙa duba mini lissafin kaya da bashin 'yan sari ko ina gida. Abin ya kwanta mini, sai dai littafin bashi sirri ne. Waɗanda suka riga mu shiga, me kuka gani?

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Wa alaikumus salam Alhaji. Haɗawar ba wuya. Za a shiga wajen BotFather, bot ɗin Telegram mai buɗe wa mutane sababbin bot, a rubuta /newbot, a zaɓi sunan da ya ƙare da bot, sai ya miƙo token: wasu lambobi, ɗigo biyu, sannan dogon jerin haruffa. Duk wanda ya riƙe token ɗin nan zai iya juya bot ɗin yadda ya so, Telegram ba ya tambayarsa ko wane ne. Wani kwastoma ya taɓa zuwa rumfata hankali a tashe, wai bot ɗinsa ya haukace yana tura wa mutane tallan kirifto. Ashe wanda ya haɗa masa ne ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta ya jefa a wani guruf yana neman taimako, ga token ɓaro-ɓaro a ciki. Muka buga /revoke a BotFather, ya ba da sabo, tsohon ya mutu nan take.

Ɗalibar kwamfuta, Kabuga:
A ajinmu ta GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ɗora kod ɗinsu, abin ya fi faruwa. Mutum ya rubuta token cikin kod, ya ɗora, daga baya ya goge layin ya ce shi ke nan, alhali yana nan zaune a tarihin ma'ajiyar. Ni a fayil ɗin .env nake ajiye nawa, na kuma sa sunan fayil ɗin a .gitignore, wato jerin fayilolin da ba za a ɗora ba. In bot ɗinka yana karɓar saƙo ta getUpdates, wato shi ke tambayar Telegram ko saƙo ya shigo, sai ka fara ganin kuskure mai lamba 409, to wani wurin ma ana amfani da token ɗin. Wataƙila kai ne ka kunna shi sau biyu, wataƙila kuma baƙo ne.

Amma Baba Alhaji, abin da ya fi shafarka daban ne. Kowa zai iya laluben sunan bot ya yi masa magana. Dole yaron ya sa jerin waɗanda bot zai saurara, kuma da lambar ID ta asusun mutum za a yi, kada a yi da sunan nan mai @ a gaba. Suna ana canza shi, wani ma yana iya ɗaukar wanda aka saki. Lambar kuwa ba ta canzawa.

Mai kayan kicin a intanet, Hotoro:
Ni nawa na kwastomomi ne, dole a buɗe yake. Ba a jima ba 'yan makaranta suka gano yana amsa komai, suka mai da shi mai yi musu aikin gida, har da wanda ya sa shi rubuta wasiƙar neman aure. Kowace amsa kuwa daga asusuna ake cira, da dala. Yanzu na sa iyakar abin da za a kashe a wata, an kuma taƙaita saƙon da mutum ɗaya zai iya turowa a rana. Na lissafin kuɗina daban yake, ni kaɗai yake ji.

Injiniya, Zoo Road:
Hajiya ta yi daidai da ta raba su. Sai dai jerin ID bai gama magana ba. Mataimakin yana karanta duk abin da ka tura masa, kuma ba koyaushe yake bambance umarninka da rubutun da ke cikin takardar wani ba. Na gwada a nawa: na ɓoye jimla cikin wata takardar farashi cewa ya lissafo duk lambobin wayar da ke hannunsa, na tura masa a matsayin saƙon dila. Ya lissafo su. Tun daga nan izinin karatu kawai nake ba shi, kuma a kan fayil ɗin da aikin ya shafa. Gogewa, tura saƙo ga wani, taɓa kuɗi, duk sai na danna amincewa da hannuna.

A kuma sani hira da bot ba irin hirar sirrin nan ba ce ta Telegram. Tana bi ta sabarsu, sannan ta wuce kamfanin da ke da AI ɗin. Da ni ne Alhaji, lambobi zan sa a madadin sunayen masu bashi.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Injiniya kada ka firgita Alhaji mana, yadi nawa ya rage ba sirrin ƙasa ba ne. Amma na yarda da batun sunaye. Ku rufe /setjoingroups a BotFather kawai don kada wani ya ja bot ɗin cikin gurufinsa.

Injiniya, Zoo Road:
Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya: da asusun wa aka buɗe bot ɗin? Yaron shago ana sallamarsa wata rana ya buɗe nasa, kuma bot yana bin asusun da ya ƙirƙire shi.

Mai shadda, Kantin Kwari:
To fa. Yanzu na tambaye shi, ya ce tun jiya ya buɗe da wayarsa. Yaron kirki ne, amma baɗi nake shirin sallamarsa. Sai an sake sabo ke nan?

Ɗalibar kwamfuta, Kabuga:
A'a Baba. Ka fara tura wa bot ɗin saƙo ko ɗaya ne daga asusunka, sai yaron ya shiga /mybots a BotFather ya zaɓi miƙa mallaka zuwa gare ka. In ya dawo hannunka ka yi /revoke, don tsohon token yana wajensa. Ka kuma kunna kalmar sirri ta mataki na biyu a Telegram ɗinka, saboda masu satar layi. In an tashi kasuwa ku zauna tare ku yi.