Ciko, hula, ko a cire shi kowa ya huta?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Haƙorina na turmi na ƙasa ya yi kogo, da na kurɓi ruwan sanyi sai na ji shi har tsakar kai. Likita ya ce ko ciko, ko a kashe jijiyar a sa masa hula, wato murfin da ake kifa wa haƙori. Ni kuwa raina ya fi kwanta wa a cire shi. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara.

Kawu: Cire shi, yaro. Guda 32 Allah ya ba ka, me za ka yi da su duka?

Anti Nas: Haba Kawu. Ɗan Auta, an yi maka hoton X-ray? Kuma ciwon yana tashinka cikin dare, ko sai sanyi ya taɓa shi?

Ɗan Auta: Ba a yi ba, Anti. Shekaranjiya dai ya hana ni barci.

Hajiya Babba: To ɗana, tsaya ka ji nawa. Haka na je da kogo, mutumin ya leƙa da ɗan madubinsa, bai ce hoto ba, bai ce komai ba, ya goge ya cike. Ashe ruɓar ta riga ta kai jijiya, rufe ta kawai ya yi a ciki. Kwana huɗu kumatuna ya haye, ido ɗaya ya ƙanƙance, ko filo ba na iya ɗora wannan ɓarin. Na koma wurin wani, ya buɗe, ya zare jijiyar da wasu 'yan siraran allurai, zuwa uku na yi. Da ya gama ya ce lallai in dawo a sa hula, don haƙorin da aka rarake cikinsa ba ya jure tauna. Na ji ciwo ya tafi, na yi ta cewa gobe, jibi. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Ana nan wata rana ina tauna sai na ji ƙas, ya tsage biyu har saiwa. Ƙarshenta cirewar da nake gudu ita aka yi. Yanzu na kusa da giɓin ya karkato, na sama ya zazzago, tsakaninsu kullum sai na sa zare. Kada ka yarda a taɓa shi ba hoto, in kuma an kashe jijiya kada ka yi wasa da hular.

Kawu: Kun gani? Da tun farko ta cire.

Hajiya Babba: Kawu, kai da me kake tauna yanzu?

Malamin Lissafi: 😂 Ni dai kada wanda ya sa baƙin cikon nan, amalgam. Kusan rabinsa makyuri ne. Tarayyar Turai ta hana shi tun Janairun 2025.

Anti Nas: Malam, yawancin dalilin gurɓata muhalli ne, tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka yi kan makyuri, ake ta rage shi. Kuma ba a ce mai shi a baki ya je a ƙwaƙule ba matuƙar lafiyarsa ƙalau. A turmi yana daɗewa ƙwarai. Farin ciko ya fi kyan gani, amma in yawu ya taɓa wurin lokacin sawa ba ya kamawa sosai.

Malamin Lissafi: To me ya sa tun 2018 suka hana sa wa masu ciki da yara 'yan ƙasa da 15?

Anti Nas: Taka-tsantsan ne. Ɗan Auta ciki gare shi?

Amarya: Ni tambayata dashen haƙori. Wai da gaske ƙusa ake ɗaurawa?

Direba: Ƙusar titaniyom ce a ƙashin muƙamuƙi. Nawa sai da na jira wata huɗu ƙashi ya kama ta kafin a ɗora haƙorin. Sharaɗin farko da aka kafa min, in bar sigari.

Amarya: Wayyo. Gara gada, haƙorin nan da ake ratayawa a giɓi.

Direba: Gada kuma sai an fiƙe lafiyayyu biyu na gefe an rataya ta a kansu. Ni abin da ya hana ni ke nan.

Kawu: A zamaninmu tsutsar ake fitarwa, shi ke nan.

Anti Nas: Babu wata tsutsa, Kawu. Ƙwayoyin cuta ne ke cin zaƙi su fitar da tsami, shi ke cinye haƙorin.

Kawu: Ni da idona na gan ta.

Ɗan Auta: Jama'a, to ni yanzu wanne zan yi?

Direba: Amarya, sama ne naki ko ƙasa?