"Bawan Allah" kika ce?

Anti Nas: Jama'a, yau raina ya ɓaci a wurin aiki, nan Amurka. An kawo mana wani bawan Allah, tsohon soja, ciwon suga ya ci masa ƙafa. Likita ya tambaye shi ko matarsa ce za ta yi jinya, ya ce mijinsa ne. Daga nan bai sake kallon fuskarsa ba. Ya zayyano magani kamar mai korar baƙo, wanda zai yi jinyar yana tsaye ko yadda ake wanke gyambon ba a nuna masa ba. Irinsu sun saba yin shiru. Dokar sojan Amurka ta 1993 kan masu neman jinsi ɗaya ta ce kar a tambaye ka, kar ka faɗa, kuma sojoji sama da 13,000 aka kora a ƙarƙashinta kafin ta daina aiki a 2011. Yau ya buɗe baki, ga abin da ya samu. Ƙafar nan fa ana iya yanke ta.

Baban Yara: Hajiya, bawan Allah kika ce? Mai miji?

Anti Nas: To bawan wa ne, Alhaji?

Ɗan Zango: Kowa bawan Allah ne. Fir'auna ma ba shi ya halicci kansa ba.

Baban Yara: A Hausarmu mutumin kirki ake ce wa haka. Ku da kuka taso a Kumasi ba za ku gane ba.

Ɗan Zango: Yau kuma Hausar Zango ce ba Hausa ba? A Kanon taku wanda ba a san sunansa ba ma "kai bawan Allah" ake ce masa a tasha.

Malama: Gaskiyarsa a nan. Amma ni tambayata daban, ina ya yi yaƙi? In Iraƙi ne a 2003, ni tausayina yana wurin mutanen Bagadaza.

Ɗan Zango: Ta ce miki Iraƙi?

Malama: Ai duk can aka tura su.

Baban Yara: Kai Ɗan Zango, duk maganar da ta shafi Turawa sai ka tare musu.

Ɗan Zango: Alhaji, a ina kake zaune da kake wannan rubutun?

Anti Nas: Don Allah ku dawo kan ƙafar. Ba fatawa na nema ba. Ku da kuke aikin jinya, wa ake kai wa ƙorafi ba tare da an sa min ido ba?

Baban Yara: Ki janye kalmar tukuna.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, akasarin 'yan zaure sun yarda ba a kyauta amfani da kalmar ba, kuma Ɗan Zango ya yi wa babba rashin kunya, ya ba Alhaji haƙuri. Maganar likita kuma matsalar wurin aikinki ce, Hajiya, ki kai ta can. Na rufe.